Inda Ake Dafa Dutse: Ziyara A Ƙasar Kurobo

  

Babu gidan Bahaushe da za a shiga a rasa dutsen ado. Yana cikin lefen amarya, yana wuyan jaririya, yana ƙugun ƴan mata a matsayin jigida, yana kuma hannun dattijo a jikin carbi. Amma da za a tsayar da ɗayanmu a tambaye shi inda aka yi waɗannan duwatsu, da wuya amsarsa ta wuce "kasuwa". Ni ma iyakar sanina ke nan, har shekarar 2019 da Allah Ya nufe ni da kai ziyarar zumunci ƙasar Gana, ni da ƴata ta fari, wajen kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya bar Damagaram tun yana saurayi ya zauna a zangon Koforiduwa yana cinikin duwatsu. Mun tashi daga Yamai a babbar mota, muka bi ta Gaya da Kwatano da Lome, muka sauka Ankara, wato Akra babban birnin ƙasar, sa'an nan muka haura arewa zuwa Koforiduwa. Na tafi ne da niyyar sada zumunci da sayen kayan ado, amma na dawo da wani tunani dabam, shi ne nake so in shimfiɗa a gabanku.

Kasuwar Alhamis

Koforiduwa ita ce hedikwatar Yankin Gabas na Gana, gari ne mai ni'ima, tsaunuka da manyan itatuwa sun kewaye shi. Kowace Alhamis akan ci kasuwar duwatsun ado a cikinsa, wadda sunanta ya kai har Turai da Amurka. Tun da hantsi za ka ga tebura jere, duwatsu sun yi tsibi a kansu, shuɗi da ɗorawa da ja da kore, wasu a zare, wasu a faranti. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawan Hausar da nake ji a wurin, kai ka ce a kasuwar Dole nake.

Kasancewar Hausawa a nan ba sabon abu ba ne. Kakanninmu fatake sun daɗe suna bin hanyar Gwanja da jakuna, su kai kanwa da tufafi da fatu da duwatsun ado, su komo da goro daga kasuwar Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai da yawa daga cikinsu suka bazu a zangunan Kumasi da Ankara da sauran garuruwan kudu, suka ci gaba da saye da sayarwa.

Hajar kawu ita ce tsofaffin duwatsu, waɗanda aka yi a birnin Fenis na Italiya da kuma Bohimiya, cikin ƙasar Cek ta yau, jiragen ruwan Turawa suka yi ta jibge su a gaɓar tekun nan a ƙarnukan baya. Daga ƙarshen shekarun 1960 sai jikokin waɗanda suka kawo su suka shiga neman su ido rufe. Dillalai irin su kawu suka riƙa bin ƙauyuka suna saye daga hannun tsofaffin mata, suna sayar wa baƙi da tsada. Da wannan ciniki ya gina gida, ya aurar da ƴaƴa, ya sauke farali.

Sai dai ranar da muka zauna a rumfarsa, na lura rabin teburin fili ne. Da na tambaye shi dalili, ya yi shiru, can ya ce, "Ƴata, abin da ake tonowa daga akwatin tsofaffi ƙarewa yake yi. Dubi waccan rumfa." Ya nuna mini wasu mata da jama'a ta yi wa cincirindo. "Waɗancan Kurobawa ne. Su ke yin nasu da hannunsu, in ya ƙare yau, jibi sun gasa wani. Ni kuwa shekara arba'in ina sayar da dutse, ban taɓa gasa ko ƙwaya ɗaya ba."

Ƴata ta ce, "Kaka, wai dutse ana gasa shi?"

Ya yi dariya ya ce, "Gobe in Allah Ya kai mu, gani zai kori ji."

Hanyar Odumase

Da yake gobe Juma'a ce, sai muka ɗaga tafiyar zuwa Asabar. Muka shiga ƙaramar motar haya, hanya ta yi ta lanƙwasa tana gangarowa daga kan tsaunuka, gonakin rogo da ayaba da kwakwar manja dama da hagu, har muka sauko fili inda gonakin mangwaro suka yi yawa. Wannan ita ce ƙasar Kurobo, kusa da kogin Bolta, ba nisa da madatsar ruwa ta Akosombo wadda aka kammala a 1965. Manyan garuruwanta biyu su ne Somanya da Odumase, sun kusa haɗewa a kan titi guda.

Can a tsakiyar fili akwai wani babban tsauni tsaye shi kaɗai. A kansa Kurobawa suka zauna ɗaruruwan shekaru saboda tsaro, har Turawan mulkin mallaka na Ingila suka tilasta musu sauka a 1892, shekarar da Salaga ta watse. Har yanzu sukan hau shi lokacin bukukuwansu. Mutanen Odumase suna da bikin shekara a watan Oktoba mai suna Ngmayem, ma'anarsa cin gero, abin da ya sa ni murmushi, ganin cewa hatsin da muke tuwo da fura da shi yana da wannan daraja a nesa da gida.

Dutsen ado a wajen Kurobawa dukiya ce ta gado. Uwa takan bar wa ƴarta, kuma a bikinsu na gargajiya da ake kira Dipo, na shigar ƴan mata cikin sahun manya, akan jibga wa yarinya duwatsun danginta a wuya da ƙugu don a ga asalinta da arzikin gidansu. Akwai masana'antu sanannu a Odumase, kamar ta Nomoda Ebenezer Djaba wanda aka fi sani da Cedi, wanda ya kai wannan sana'a ƙasashen waje. Mu dai kawu ya kai mu wani ƙaramin gida ne a bayan gari, wajen wani magidanci da suka daɗe suna ciniki tare. Kawu yana jin harshen Asante, mai gidan ma yana ji, don haka shi ya zame mana tafinta.

Daga kwalba zuwa dutse

Abin da ya fara tarbarmu a tsakar gidan tulin kwalabe ne da fasassun gilasan taga, an ware su launi launi. Su ne jarin sana'ar baki ɗaya. Akan wanke su a shanya, a farfasa, a daka a turmin ƙarfe, a tankaɗe da rariya mai laushi har su zama gari kamar na tuwo.

Sa'an nan akwai mazubi. Shi faifai ne mai kauri na yumɓu gasasshe, an yi masa ramuka a jere, kowane rami gidan dutse guda. Kafin a yi aiki da shi sai an tsoma shi a ruwan farar ƙasa ya bushe, don kada gilashi ya manne masa. A tsakiyar kowane rami sai a kafa ɗan tsinken ganyen rogo, a zuba garin gilashi kewaye da shi. Idan ana son zane, sai a riƙa zuba launuka hawa hawa, ana tura su da tsinke zuwa gefen rami. A cikin wuta tsinken rogon zai ƙone, ya bar ƙofar da zare zai bi. Na daɗe ina jinjina wannan hikima.

Tanderun kuwa da ƙasar suri ake gina shi, domin tana jure zafi ba ta saurin tsagewa. Siffarsa kamar ƙaramin rumbu, da baki biyu: na ƙasa inda ake tura itace, da na sama inda ake jera mazubai a kan tsofaffin ƙarafan mota da aka gitta. Zafin cikinsa yakan kai wajen digiri 800, mazubi kuma yakan yi daga minti 20 zuwa 45 a ciki, gwargwadon girman dutse. Babu ma'aunin zafi a gidan. Mai gida yakan duƙa ya leƙa, launin wutar da ƙyallin da garin ya fara yi su ke gaya masa lokaci ya yi.

Akwai wani iri da ba a daka shi sosai. Gutsattsarin gilashi ake zubawa a rami, su narke su haɗe, ya fito garau haske na ratsa shi. Wannan yana buƙatar wuta mai ƙarfi, kuma da an fito da shi, tun yana da taushi, sai a huda shi da tsinken ƙarfe ana juya shi cikin ramin don ya yi kewaye. Bayan duwatsu sun huce, sai a zuba su a kan faffaɗan dutse da yashi da ruwa, a yi ta murzawa da tafin hannu har kaushinsu ya tafi, a wanke, a shafa musu ɗan mai, mata su jera a zare.

Shiga wuta ta biyu

Abin da ya fi jan hankalin ƴata shi ne duwatsu masu rubutu, kamar yadda su da kansu suke kiran su. A gindin wata bishiya wasu ƴan mata uku ne zaune, kowacce da dutse soke a tsinke. A gabansu akwai ƴan kwanoni na garin gilashi mai laushi ƙwarai, an gauraya shi da launi da ruwa ya yi kauri kamar kunu. Da bakin tsinke suke ɗibar sa suna zana layuka da ɗige-ɗige a jikin dutsen, kamar mai yi wa amarya lalle. Zanen a wannan lokaci ba shi da kyan gani, fari-fari ne, da ka taɓa shi ya goge. Sai an bar shi ya bushe, an mai da dutsen wuta karo na biyu, sa'an nan shafin ya narke ya kama jikinsa, launi ya fito, ƙyalli ya bayyana, ruwa da gumi ba su ƙara iya kankare shi. Wannan shi ne asirin duk wani ƙyalli da muke gani a jikin tangaran da kofin shayi: siririn gilashi ne wuta ta narkar a kansu.

Mai gida ya ba mu mazubi ɗaya ya ce mu gwada. Muka cika, aka sa a wuta, aka fito da shi yana ja zur, aka ajiye a gefen tanderu. Ni kuwa ɗoki ya kama ni. Ganin la'asar ta gabato, ga mota za ta tsere mana, sai na faki ido na jawo mazubin da itace zuwa inda iska ke kaɗawa, har na yayyafa masa ruwa don ya yi saurin hucewa. Nan take na ji ƙas, ƙas. Cikin duwatsu goma sha biyu, uku kaɗai suka tsira.

Mai gida bai yi faɗa ba. Ya ɗauki ɗaya ya nuna mini tsagar, kawu ya fassara: bayan dutsen ya huce ya tsuke, alhali cikinsa na nan da zafi a buɗe, dole ya tsage. Ya ce sanyaya dutse rabin aikin ne, ba a yi masa gaggawa. Kawu ya dube ni ya ce, "Ƴata, Hausawa sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ke kin dafa, haƙurin saukewa ne ya gagare ki." Kowa ya yi dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Tambayar da ta tsaya mini a rai

Ba zan ɓoye muku ba, ƴan uwa, cikin tulin kwalaben nan akwai na giya da yawa, kuma na ga ana jera wasu duwatsun a matsayin carbi. Da muka koma zango na roƙi kawu ya kai tambayata wajen limamin masallacinsu. Amsar da ya kawo ita ce, gilashi ba ya tsotsar abin da aka zuba masa, idan aka wanke shi da ruwa mai tsarki har launi da ɗanɗano da wari suka gushe, ya tsarkaka, balle kuma an daka shi an narkar. Hankalina ya kwanta, amma duk mai shakka ya tuntuɓi malaminsa. Liman ya ƙara da jan kunne a kan abu guda: wasu mutane suna ƙudurta cewa wani dutse yana kawo haihuwa ko arziki ko yana kore sharri. Musulmi ya ɗauki sana'ar ya bar wannan, domin dutse ba ya amfanarwa ba ya cutarwa, ado ne kawai.

Abin da muka kawo gida

Ranar da za mu taso, kawu ya miƙa wa ƴata ƙunshi a tsumma. Mazubai biyu ne ya saya mata a Odumase. Ya ce, "Amaryata, ga gadonki. Ki koyi abin da ban koya ba."

Da muka dawo Damagaram sai na fara kallon garinmu da wani ido. Ga kwalabe zube a kwata da juji suna yanke ƙafafun yara. Ga suri a kowane daji. Ga Miriya kusa da mu, wadda tukwanenta suka yi suna a duk faɗin Nijar. Kuma sana'ar ba baƙuwa ba ce ga Musulmin yankinmu. A Bida ta ƙasar Nufe, masu aikin gilashi na unguwar Masaga sun daɗe suna yin ƙarau da duwatsu, har hukumar UNESCO ta sa garin cikin jerin biranen fasaha a 2021. A Kifa ta Muritaniya kuwa mata ne suka shahara da yin dutsen garin gilashi a cikin gidajensu, suna haɗa shi da ruwan ƙaro, su gasa a kan garwashi.

Ƴata ta fara da yumɓu, domin shi ya fi sauƙin samu, a lokacin hutun lakwal. Ga abin da kuskure ya koya mana, ko zai rage wa wani wahala. Yumɓu yana tsukewa idan ya bushe ya gasu, saboda haka a yi ƙofar dutse ta fi yadda ake so faɗi. A shanya a inuwa kamar mako guda, ban da rana ko iskar hunturu, domin suna tsaga shi, kuma wanda ya shiga wuta da sauran danshi fashewa yake yi. A fara wuta a hankali, a ƙara mata ƙarfi sannu sannu. Gashin farko mun yi shi wajen wata mai ginin tukwane, ya kuwa yi kyau. Amma da muka shafa garin gilashi muka mayar cikin irin wannan buɗaɗɗiyar wuta ta kara da kashin shanu, sai ya fito da kaushi kamar yashi, toka ta manne masa, domin zafinta ba ya daidaita, ba ya kuma daɗewa. Shafin ƙyalli na yumɓu yana son rufaffen tanderu da zafin da ya kusanci digiri 1,000. Dole ne kuma a goge cikin ƙofar kafin gashi, a rataye duwatsun a waya mai jure wuta, irin wadda ke cikin rishon lantarki, kada su taɓa juna, in ba haka ba su manne. Bayan an gama, a toshe bakin tanderu a bar shi ya kwana.

Akwai gargaɗi biyu da nake roƙon iyaye su riƙe. Na farko, ƙurar gilashi da ta busasshen yumɓu tana illa ga huhu. A daka a fili, a rufe hanci da baki, a nesanta ƙananan yara, kuma kada a kuskura a yi amfani da turmi ko rariyar abinci. Na biyu, wasu launuka da garin ƙyalli da ake sayarwa suna ɗauke da dalma. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara sama da 400 suka rasu sakamakon gubar dalma, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Dutsen ado yakan ƙare a bakin jariri, don haka duk garin da ba a tabbatar da abin da ke cikinsa ba, a bar shi.

Yanzu muna da ɗan tanderu na ƙasar suri a bayan ɗaki. Ba zan ce mun ƙware ba. Ƙyallin yumɓu har yau wata rana ya yi, wata rana ya ƙi, amma na garin kwalba a mazuban kawu yana fitowa daidai, har ƴan matan unguwa huɗu suna zuwa koyo ranar Lahadi, kuma abin da suke sayarwa yana isar su sayen littattafai da sabulu.

Allah Ya yi wa kawu rasuwa a 2022. Babu wanda ya gaji teburinsa a kasuwar Alhamis, domin ƴaƴansa sun kama wasu hanyoyi, hajar ma ta ƙare. Fatauci sana'a ce mai albarka, da ita kakanninmu suka kai Musulunci da harshenmu har bakin teku, ba na raina ta. Sai dai mai sayar da abin da wani ya yi, kullum yana jiran hannun wani. Ina kira ga iyaye da shugabannin ƙungiyarmu, idan ana shirya wa yara karatun hutu, a haɗa musu da sana'ar hannu ko da guda ce, a nemo masu ginin tukwane da maƙera na unguwa su koya musu, tun waɗannan dattawa suna raye.

Duwatsu ukun nan da suka tsira daga gaggawata na sa su a jikin carbina, kusa da liman. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa kawu a addu'a. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sa wa zuriyarmu albarka, Ya ciyar da mu daga halal.